Ban Ƙi Ɗana Ba, Kunyar Ɗan Fari Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban gidan gyaran tarbiyyar yara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni mace ce daga Maruda ta ƙasar Gwandu, kuma ɗana na fari yana hannunku tun lokacin dashen albasa. Na rubuta a fili ne domin na tabbata ba ni kaɗai hakan ta samu ba.

Na farko, ban zo wanke shi ba. Ya ɗauki babur ɗin maigidansa na gareji ba izini, ya nufi Kalgo, ya buge wani dattijo har ƙafarsa ta karye. Alƙali ya tura shi wurinku, na ce alhamdu lillahi, gara gyara da lalacewa.

Na biyu, ranar ziyara. Na shiga motar Kalgo da sassafe, na canza wata zuwa birni, da ƙullin ƙuliƙuli a hannu. Aka fito da shi, aka zaunar da mu a gaban wata jami'a mai fara'a. Ban kira sunansa ba, ban rungume shi ba, na kau da kai ina kallon bango. Da ta yi mini tambaya a kansa, na amsa da yaron nan. Daga baya ƙanena, wanda yake bin maganar, ya kawo mini labari cewa jami'ar ta yanke cewa uwar ba ta son ɗanta, gidan bai dace a mayar da shi ba, don haka ana shirin kai shi wani gidan mai nisa bayan Sallah.

Ranka ya daɗe, a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Kunya ce da muka gada. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi, ita ce mai kiran sunan da ƙarfi har maƙwabta su ji, ita ce mai tsokanarsa tana ce masa mijina na banza. Allah ya karɓi abarsa da daminar bara, mahaifin yaron kuwa ya riga ta rasuwa. Da tana raye, da ta cika muku ofis da kuka da faɗa, ba wanda zai yi zargin komai. Ni aka bari, da bakin da ba a koya wa wannan aikin ba. Abin ya yi mini ciwo, kuma na ji haushi, domin tambaya ɗaya ga kowace tsohuwa mai shara a gidanku ta isa ta warware wannan.

Na uku ba ƙorafi ba ne, hali ne da nake ciki. Idan ina sheƙar gero da hantsi, sai hannuna ya tsaya ban sani ba. Ina ganinsa yana tahowa ta gefen fadama, wando a naɗe, belbeloli suna tashi a gabansa, ƙamshin ɗanyar albasa yana biye da shi. Ba ya sauri. Yakan tsaya bakin rijiya ya wanke fuska, ya shigo, ya zauna nesa da ni kamar yadda ya saba, na tura masa ƙwaryar fura ba tare da na dube shi ba, shi kuma ya fahimta. Wani lokaci har kakar tasa nake gani a ƙofar ɗaki tana dariya. Sai kaji su auka wa geron, na farga.

Abin da nake tsoro shi ne a maimaita masa maganar jami'ar har ya yarda da ita. Yaro ne, kuma yana cikin baƙi.

Ina roƙo a dakatar da kai shi nesa, domin kuɗin motar can ya fi ƙarfina. A turo wani ya zo Maruda ya tambayi mai unguwa da maƙwabta yadda muke. A kuma sanar da masu zama da iyaye cewa shirun uwa iri-iri ne.

In duk wannan ya gagara, to a gaya masa abu ɗaya. Ranar nan da nake kallon bango, na ga ya rame, na ga askin da aka yi masa ya ji masa ciwo a bayan kunne, na ga yana ɓoye ƙafarsa ta hagu don takalmin ya tsinke. Na saya masa wani, yana nan a ajiye.

Allah ya ƙara maka basira, ya shirya naka da namu, ya sa kada ka taɓa jiran ɗanka a bakin ƙofar wani.

Wassalam.

Mahaifiyar yaron, daga Maruda.