Lamba Bakwai Tana Jifa da Nisa

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024
Bindiga lamba bakwai ta sake cijewa a hannun wani baƙo. Sau uku kenan a sati guda. Ustaz Zubair, mai koyar da harbi a kulob ɗinmu, ya gaya wa mudir, wato manajan wurin, wai wani ne ke taɓa ta. Ni kaɗai ke shiga ɗakin harbin da safe, da tsintsiya. Kowa ya juyo ya kalle ni.

Talata, 8 ga Oktoba
Mudir ya ce za a duba kamara. Kamarar ɗakin ta mutu tun azumi. Ikamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, saura wata guda, ya ce ba zai sabunta ba sai magana ta fito fili. Ya Allah. Me zan ce wa Inna Indo in na sauka Maraɗi da jaka ɗaya?

Laraba, 9 ga Oktoba
Ban ci komai ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Wallahi ban taɓa riƙe bindiga ba, amma shekara biyu ina share kwanson harsashi. Da, na lamba bakwai a tayil na uku yake faɗuwa. Bayan Sallah ya koma na biyar. Yanzu bango yake duka, har ya ci fenti. Ƙarar ma ta canza, kamar an buga ƙofar ƙarfe da fushi. Na gaya wa abokin zamana Khalilu a ɗakinmu na unguwar Ƙurban. Ya ce, "Kai Sanusi, mai shara zai koya wa ustaz aikinsa? Haɗa kayanka, ni zan ɗaukar maka jaka a filin jirgi, kyauta." Shi kaɗai ya yi dariya.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na jira sai da baƙi suka fita sallar la'asar. Na ce, "Ustaz, don girman Annabin da muke maƙwabtaka da shi, harba harsashi biyar da lamba bakwai, biyar da wata sabuwa." Ya ce da Larabci, "Esh fik?" wato me ke damunka. Amma ya harba. Kwanson sabuwar suka zube kusa da ƙafarsa, na bakwai suka tafi bango. Ya kwance lamba bakwai, ya zaro susta, sifirin ɗin da ke mayar da kan bindiga gaba, ya jera da sabo. Tsohon ya gajarce, ko makaho zai ji da yatsa. Ya ce ƙananan bindigogin nan sifirinsu gajere ne, wajen harbi dubu uku ake canzawa. Wannan ta wuce dubu shida. Bai ce wa ya manta ba. Ni ma ban tambaya ba.

Talata, 15 ga Oktoba
Mudir ya karɓi fasfona don sabuntawa. Babu wanda ya ce yi haƙuri. Ina shara Ustaz ya tsaya a bayana, yana latsa waya, ya ce, "Ya Sanusi, lamba huɗu fa, a ina take zubarwa?" Na ce tayil na biyar. Ya juya zai tafi, na ji bakina ya ce, "Tara ma a duba ta." Ban san wa ya aike ni ba.