Indararon Gidanmu da Malamin Yunanawa

Mandawari, Birnin Kano
14 ga Agusta, 1956

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Ibadan, Ya ƙara maka basirar karatu, amin. Mu nan kowa kalau. Ƙafar Gwaggo Hajo ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san ita alamar lafiyarta ke nan.

Godiya ce ta sa na rubuto. Ka tuna takardu shidan nan da ka juya mini da Hausa bara, a kan wani malamin Yunanawa na zamanin da? Wallahi dariya na yi maka. Na ce an tura yaro neman ilimi ya ɓige da labarin sarkin surutu, mutumin da ba ya zama gari guda, yau ya tara jama'a ya yabi abu, gobe ya kushe shi, kuma duka a yaba masa, har ya rubuta ya bar wa na baya. Na cusa su a adaka na manta.

To, kafin damina na sake yaɓen saman soro, na juya indararonmu gabas. Ashe a kan katangar Baba Ɗantani ruwan yake zuba, har ta fara zaizayewa. Ya aiko, na ce soron ubana ne. Ya kai ƙara wurin mai unguwa. Maharazu, aminin mahaifinmu fa, wanda ya sa shi a kabari da hannunsa, kwana ashirin muna haɗuwa a masallaci ba gaisuwa. Abin yana cina, amma ka san taurin kaina.

Ina neman yadda zan kayar da shi sai na tuna mutumin naka. Na zaro takardun, na ga inda ka ce yakan sa ɗalibansa su fara kare abokin gardamarsu iyakar ƙarfinsu, don su san ta inda za a ɓullo musu. Na ce yawwa! Na zaunar da Gwaggo a tsakar gida ta zama mai unguwa, ni kuma na zama Baba Ɗantani. Na kawo zancen tsufana, da ɗakin matata da ke jikin katangar, da yadda na sha goya yaron nan Gwadabe, wato ni, a kafaɗa zuwa Idi. Ban kai ƙarshe ba na ga ashe tsohon ne ke da gaskiya. Gwaggo ta ce ita ta gama hukunci, in tashi in ba mutane wuri, marar kunya kawai.

Ranar zama, da aka ce in yi bayani, maganar Baba na yi kaf. Tsohon ya fusata, ya ce wa ya aike ni, ai katangar ce ta tsufa, shekara uku bai yaɓe ta ba. Mai unguwa ya rasa wanda zai ba gaskiya, ya kore mu duka. Washegari na mayar da indararo, muka kwaɓa ƙasa muka gyara katangar tare.

Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwana. In da sauran rubutun mutumin nan, aiko mini, na daina raina shi.

Gwaggo da Dije suna gaishe ka, ka gai da Malam Sani mai masaukinka. Baba Ɗantani ma yana gaishe ka. Ga shi nan zaune a soronmu, ya ce kada in rufe takardar sai na karanta masa ya ji ko na yi masa ƙarya.

Ni ne yayanka,
Gwadabe