Bauna Ya Zo da Ƙafafunsa

Kitwe,
14 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Yayana Kangwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mwaka da yaranmu. Allah ya tsare ka a ramin ma'adinan da kake shiga kullum a can Ostireliya, ya riƙa fito da kai lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai zafi da ya fara shigowa. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci da kanta. Maigidana Musonda yana nan yana fama da gonar tumatir ɗinsa. Shi kuwa Baba, hawan jininsa ya sauka har likita ya tambaye ni abin da muka canja masa a abinci. Ba abinci ba ne, Yaya, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Na ƙi faɗa maka ta waya ne don ina so ka karanta a zaune.

Ka dai san tun muna yara mun ji cewa Baba ya taɓa yin kokawar resilin, har ana kiransa Guduma, amma a bakin mutanen waje muka ji, don a gida ba a ambaton zancen. To, a watan Mayu wasu mutum biyu suka yi sallama da mu. Ɗaya Malama Namakau ce, nas da ta yi ritaya, gajeruwa mai baki kamar rediyo. Ɗayan kuma Chomba, mai shagon aski a unguwar Chimwemwe. Ashe ƙungiya gare su ta masoya kokawar da, su wajen goma sha biyar. Kowace Asabar suna taruwa a shagon Chomba da tsofaffin fastoci da hotuna da yankakkun jaridu, suna musu a kan wanda ya kayar da wane a Luanshya shekara hamsin da suka wuce, suna kuma bin tsofaffin 'yan kokawa gari gari suna naɗar maganarsu tun suna da sauran numfashi. Suka ce shekara biyu suna neman Guduma, ashe yana nan ƙarƙashin hancinsu, dattijon coci ne mai raba littattafan waƙa. Baba ya saurare su har suka kai aya, sannan ya ce musu Guduma ya daɗe da mutuwa, su sha ruwa su kama hanya.

Bayan sun tafi na tsare Mama a kicin tana tsintar kifin kapenta, na ce yau sai ta faɗa mini. Ta ce a wancan zamanin zauren ma'aikatan ma'adinai na nan Kitwe cika yake yi maƙil duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Baba shi ne mugun wasan, aikinsa ya sa mutane su tsane shi, kuma ya iya aikin. Abokin karawarsa wani mutumin Chipata ne, Yotamu Shawa, ana kiransa Bauna, shi ne ɗan lelen jama'a. A cikin igiyar da ke kewaye dandalin kokawa kamar za su cinye juna, amma ɗakinsu ɗaya tun suna samari, kwanonsu ɗaya, kuma tun a ɗaki suke tsara wanda zai faɗi da wanda zai tashi. Yotamu ne ma ya kai wa Mama wasiƙar Baba ta farko. Rannan, a shekarar 1978, Baba ya ɗaga shi ya jefa ta saman igiya kamar yadda suka yi sau ɗari, sai Bauna bai tashi ba. Aka ɗauke shi aka fita da shi yana ihu. Kafin Baba ya kuɓuce daga hannun jama'a, wani ɗan'uwan Yotamu ya riga ya sa shi a mota, wai zai kai shi gida wajen mai ɗori. Bayan kwana biyu labari ya cika gari cewa ƙashin baya ne, ba zai ƙara taka ƙasa ba. Baba bai sake shiga igiya ba. Ya roƙa aka mayar da shi aiki Mufulira, inda aka haife mu. Mama ta ce sau uku yana haɗa jaka zai tafi Chipata, sau uku yana kwance ta, don bai san da wace fuska zai kalli mutumin ba. Shekara arba'in da shida ke nan yana sa sunansa a addu'ar safe.

Na kai wa Malama Namakau wannan labari don su ƙyale tsohon ya huta. Ta yi hawaye, amma ba ta ƙyale ba. Chomba ya ɗauki hoton fastar wancan wasa na ƙarshe ya sa a shafinsu na intanet, ya roƙi duk wanda ya san inda Bauna ya ƙare, ko da kabarinsa ne, ya yi magana. Mako uku shiru. Sai ga saƙo daga wata malamar makaranta a Chipata tana cewa ai wannan kakanta ne, kuma wane kabari ake magana? Ta haɗo da bidiyo. Yaya, wani ƙaton tsoho ne a kan keke, da buhun gyaɗa biyu a baya, yana hawan tudu yana zagin akuyar da ta tare masa hanya.

Tsoro ya kama mu a kan yadda za mu nuna wa Baba, saboda zuciyarsa. Malama Namakau ta zo da abin awon jini a jakarta, ta ɗaura masa a hannu tukuna, sannan Chomba ya miƙa masa wayar. Baba ya kalla ya ce wannan ba shi ba ne, tsofaffin Chipata duk kamarsu ɗaya. Aka maimaita. A karo na uku ya sa aka tsayar daidai inda tsohon ya juya kai, ya ƙura wa kunnensa na hagu ido, wanda ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Ya ce shi ya yi masa wannan kunnen, a Chingola. Can sai ya ɗago ya ce, "Ku kawo mini shi. Wannan karon da gaske zan karya shi."

'Yan ƙungiyar suka ɗauki nauyin tafiyar. Chomba ya rufe shago kwana huɗu ya je Chipata da kansa ya taho da shi ta Lusaka. Ranar Juma'a da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Baba ya sa kwat ɗinsa ta coci tun asuba, yana zaune a baranda kamar alƙali. Sai ga Baba Yotamu ya fito a duƙe, yana dogara sanda, yana jan ƙafa ɗaya yana nishi. Na ga fuskar Baba ta canja, har ya fara miƙewa zai tare shi. Baba Yotamu na isowa tsakiyar tsakar gida sai ya yi jifa da sandar, ya buga ƙafa ya shiga rawar mutanensu, yana ihu, "Ina ɗan Bemban nan mai cin biri? Fito ka ga aikin hannunka!" Ka san wasan da ke tsakaninmu Bemba da mutanen gabas irin na Chipata, kowa ya ɗauka Baba zai rama da zancen cin ɓera. Duk muka fashe da dariya, ban da Baba. Ya dubi mutumin daga sama har ƙasa, ya juya ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Dariya ta koma ciki. Baba Yotamu ya nemi kujera 'yar tsugunne ya zauna a bakin ƙofar, ya shiga ba ƙofa labari, mu kuma muna kicin mun kasa kunne. Ya ce a lokacin yarinyar da yake nema ta rantse ba za ta auri mutumin da ake jibga da ɗan kamfai a gaban jama'a ba, ubanta kuma ya ba shi wata ɗaya ya zaɓa. Mai shirya wasannin ya ƙi sakinsa, ya ce akwai sa hannu tsakaninsu. Shi ne ya haɗa baki da ɗan'uwansa suka shirya faɗuwar. Ya ce bai faɗa wa Baba ba ne don Baba bai iya ƙarya ba in ya fita daga igiya, ko kaza ya ɓoye sai fuskarsa ta yi cara. Niyyarsa ƙura na lafawa ya rubuto, kuma ya rubuto har sau biyu, wasiƙun suka koma masa don Baba ya bar Kitwe. Sai ya ɗauka Baba ya gano dabarar ne ya yi fushi, ya yanke zumunci. Bai taɓa sanin cewa mutumin yana can yana ɗauke da gurgu a zuciyarsa ba, sai da Chomba ya faɗa masa a mota. Ya ce, "Lombe, rawar nan da na yi, tsoro ne ya sa ni. Ban san ta inda zan fara ba ka haƙuri ba."

Rabon da in ji wani ya kira Baba da sunansa tun rasuwar Kaka. Aka jima, sai muka ji sakata. Baba ya fito ya tsaya a kansa, ya tambaye shi ko matar ta aure shi. Ya ce ta aure shi, 'ya'ya takwas, jikoki ashirin da uku. Baba ya ce to da sauƙi, da a ce bayan duk wannan ta ƙi shi, da yau sai an kira 'yan sanda. Sai ya cafki wuyansa ya maƙale a hammata yana murza masa kai yana kiransa mai cin ɓera, maƙaryacin banza, shi kuwa yana ihu yana bugun ƙasa wai ya sallama. Daga nan ban san wanda ya fara kuka ba. Mama ta kore mu duka, ta ce mu je mu ɗora tuwon nshima, ba kallo aka kawo mana ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya ƙungiyar ta yi taro a zauren cocinmu da rana. Sun liƙa fastoci bango bango, an ajiye kujera tamanin, mutum sama da ɗari uku suka zo, har da waɗanda aka turo a keken guragu. Da aka kira sunan Bauna zaure ya ɗauki tafi. Da aka kira Guduma kuwa, sai tsofaffin nan suka shiga yi masa ihu, "Wooo! Mugu! Azzalumi!" Gabana ya faɗi, na yunƙura zan je in riƙe shi. Yaya, da ka ga ubanka. Ya cire kwat ya miƙa wa Fasto, ya buɗe ƙirji, ya shigo yana taku ɗaiɗai yana harare-harare, ya tsaya gaban wata tsohuwa ya ƙwace mata lemo ya shanye. Zauren kamar zai tsage. Mama ta rufe fuska da zani tana dariya, ta ce mini wannan ne mutumin da ta aura, ta ɗauka ya tafi ke nan. Daga baya Malama Namakau ta tashi ta yi iƙirari a gaban jama'a cewa ita ce yarinyar da ta jefe shi da takalmi a Ndola har ta fasa masa gira. Baba ya ce ai ya daɗe yana nemanta, ta zo ta karɓi takalminta. 'Yan ƙungiyar sun zauna da Baba da Baba Yotamu wajen awa uku suna naɗar labari, kuma tsofaffin biyu ba su yarda da juna a kan ko wasa ɗaya ba. Chomba ya ce littafin da za su fitar sai dai ya zama biyu.

Da niyyar kwana uku Baba Yotamu ya zo, ga shi yau mako na uku. Kullum matarsa sai ta bugo ta ce a dawo mata da mijinta, gyaɗa na jiran sussuka. Sun shirya Baba da Mama za su raka shi Chipata ƙarshen wata.

Jiya ina wanki Baba ya zo ya tsaya kusa da ni, ya tambaya ko kai nake shirin rubuta wa. Ya ce in sa maka wannan, kuma kada in gyara masa magana. Ya ce ranar da ya same ka a Mufulira kana ɗan shekara goma, ka ɗaga abokinka za ka jefa a kan katifa, ya mare ka a gaban mutane, ya kuma yi mako bai yi maka magana ba, ba kai ka yi laifi ba. Abin da ya gani a idonsa ne ya firgita shi. Ya ce ya san tun daga ranar ba ka ƙara sakewa da shi ba, kuma yana roƙonka ka yafe masa. Yana gama faɗa ya wuce bayan gida wai zai duba kaji. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan maganarsa ba. Duk ranar Lahadi bayan an tashi coci wayata za ta kasance a hannunsa, ko za ka kira.

Ka gaishe mini da Anti Mwaka da kyau, ka ce mata yajin da ta nema yana hanya. Ka shafa mini kan Chilufya da Nkandu, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa. Mama tana gaishe ku, Musonda ma haka, da Gwaggo Mulenga ta Ndola. Baba Yotamu ya ce in gaishe da ɗan biri na Ostireliya, wai yana jiranka ka zo ya gani ko ka fi ubanka kyau. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa mai kewarka kullum,
Chisala