Zannuwan Inna

Daren Laraba, Jega

Layi goma sha ɗaya na haɗa yau, saura huɗu bargon ya cika. Kowane yanki faɗin tafin hannu ne, da kwali nake aunawa don ban yarda da idona ba. Da farko duk daga gefe ɗaya na ɗinka su, sai ya lanƙwashe kamar lauje. Na warware, na riƙa juyawa, wannan daga sama, na gaba daga ƙasa. Sai ya miƙe.

Ina kan keken ɗinki Yaya Hajara ta iso daga Maiyama. Tana ɗaga yanki ɗaya ta gane shi.

"Zannuwan Inna kika yayyanka? Kayan mamaci sadaka ake yi da su, Rabi. Tattara min su, gobe in wuce da su."

Na tuna mata masu kyan duk an bayar tun ranar addu'ar uku. Waɗannan da bakinta ta ce tsumma ne, ba mai karɓa. Ta ce ko tsumma ne, ba nawa ba ne ni kaɗai.

Wannan maganar ta tsaya min. Ya kamata a ce na tambaye ta kafin in sa almakashi, na sani.

Amma shuɗin nan mai ƙunar garwashi, wanda Inna ke suyar ƙosai da shi, ba zai koma tsumman goge tukunya a gidan wani ba. Asuba zan ƙarasa. In rabonta take so, ga reza, ta zauna ta warware layi goma sha biyar.