Ɗakin Inna a Littafin Hauwa'u

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau na yi wa Hauwa'u magana mai zafi, kuma abin ya hana ni sukuni. Ta kawo mini takardar zaɓen darussa daga makaranta in sa hannu, sai na ga ta zaɓi darasin zane-zane. Ni kuwa tun tana firamare likita nake hango mata.

Na ce, "Ke da ke ajin kimiyya, mi ya kai ki ga zane? Wa kika ga ya ci abinci da shi?"

Ta ce, "Baba, ba zan bar kimiyya ba. Darasi ɗaya ne kawai." Ta ajiye littafin zanenta a gabana, ta fita idonta cike da hawaye.

Sai bayan magariba na buɗe shi. A shafi na uku na tarar da ɗakin Inna na tsohon gidanmu a Ƙofar Marke, wanda muka rushe bayan rasuwarta. Ga gadon ƙarfe, ga randa a bayan ƙofa, har da ƙusar da take rataye tasbaha. Ni da aka haifa a ɗakin na manta cewa ta gabas tagar take. Yarinyar nan ba ta manta ba, kuma babu hoton ɗakin ko ɗaya a duniya sai wannan.

Na sa hannu. Abin da ya rage shi ne in ba ta haƙuri gobe da safe, kuma ban taɓa ba ɗiyata haƙuri ba. Allah ya ba ni baki.