Ɗorawar Inna Turai

Unguwar Tsallake, ta Bebeji.
Ashirin ga Fabrairu.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Turai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina lafiya, ƙafar taki kuma da sauƙi. Yaya jikin 'yar'uwata Hasiya bayan aikin haihuwar da aka yi mata? Yaya jaririya Mubaraka da mutanen Riruwai? Mu nan lafiya lau. Matata Bushra tana gaishe ki, ta ce a gaya miki akuyarki mai baƙin wuya ta haifi biyu.

Na san kunnenki ba ya ɗaukar magana a waya, wannan kuma ba maganar ihu ba ce, shi ya sa na rubuta na ba direban Doguwa. Hasiya ta karanta miki a hankali, ta yi haƙuri da rubutuna, ta san ajin da na tsaya.

Inna, maganar ɗorawarki ce. Gonar da ƙanenki Kawu Mudi ya sayar bara, ashe mai sayen dillali ne kawai, gonar ta Honarabul ce, ɗan siyasar nan namu. Shekaranjiya na bi ta wajen na tarar da mutane suna awo, sun shafa wa itatuwanki uku jan fenti. Na gaishe su, na tambaya. Babbansu, wani Mudassir mai hular ƙarfe, ya ce za a dasa bishiya dubu a filin don yaƙi da sauyin yanayi, wata ƙungiya ce daga waje ta ɗauki nauyi. Wai layi ake so miƙaƙƙe, tsofaffin itatuwan za su ɓata layi.

Na ce masa gonar aka sayar, ba a sayar da ɗorawar ba. Ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa jin an sayar da akuya an riƙe kunnenta ba. Ban yi fushi ba. Na yi masa bayani cewa a nan gona daban, itacen da ke cikinta daban. Na gaya masa yadda ruwan Tiga ya cinye tsohon garinku kina yarinya, mahaifinki Ɗantani ya fito da kalwa a aljihu daga ɗorawar gidansu, ya shuka a nan, ya yi shekaru yana kare ta daga awaki da ƙaya. Na ce kafin ya rasu ya ba Kawu gona, ya ba ki itatuwan a gaban shaidu, kuma da daddawarsu kika raine mu. Ina cikin magana yana danna waya.

Abin da ya tsaya mini a rai, sun yi fure bana kamar ba su taɓa yi ba, jajawur, ƙudan zuma sai guɗa suke. Kada ki tayar da hankalinki ki baro mai jego. Zan bi maganar ta hanyar manya.

Ɗanki,
Mujitaba.

Unguwar Tsallake.
Goma sha biyar ga Maris.

Zuwa ga Inna.

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, da man shanun, Allah ya saka. Na ji an ce Hasiya ta fara takawa har ƙofar gida, Allah ya ƙara sauƙi.

Inna, ki yi haƙuri. Biyu sun tafi.

Na bi manya kamar yadda na ce. Mai unguwa ya tura ni wajen dagaci, dagaci ya ce a kawo takardar ciniki. Takardar ta ce gona da abin da ke cikinta. Kawu Mudi ya rantse ya faɗa da baki cewa ban da ɗorawa, amma bai karanta abin da ya dangwala wa hannu ba. Shaidun kakana saura Malam Umaru kaɗai a raye. Aka kira shi. Tsohon nan da ya yi shekara arba'in yana shan kunun ɗorawarki, ya zauna yana kallon tabarma, ya ce tsufa ya sa ba ya tuna abin da ya wuce. Daga baya na ji jikansa yana cikin waɗanda aka ɗauka haƙar ramuka. Ban zage shi ba, amma ban iya yi masa sallama ba.

Na je ofishin ƙaramar hukuma sau huɗu. Kullum mai sa hannu ya tafi taro kan muhalli.

Ranar Talata suka kawo injin yanka. Abin da kakana ya shuka shekara hamsin da suka wuce, kafin azahar ya kwanta. Masu gawayi suna gefe da motarsu suna jira, ashe tun kafin a sare an sayar musu. Na tsaya na ƙirga tsuntsayen da suka tashi har na rasa lissafi. Ta ukun, babbar da ke kusurwa, an bar ta ne don kawai baƙi su sami inuwa ranar biki, daga nan ita ma a kayar.

An yi bikin ranar Asabar. Motoci sun kai talatin. Honarabul ya tsaya a inuwar ɗorawarki ya ce duk wanda ya sare bishiya maƙiyin 'ya'yanmu ne, aka tafa. Inna, hayaƙin gawayin 'yan'uwanta yana tashi a bayansa! An ce mana duniya tana ɗumama, damina ta rikice, hamada tana matsowa. Wannan ai mun riga su sani, mu da muka yi shuka sau uku bara. Abin da ban gane ba, yadda maganin ya zama a kashe babba a kawo jariri.

Amma na lura da wani abu. Itacen turare suka dasa, 'yan ƙanana, a farkon bazara, saboda ranar da baƙi suka sa ke nan. Wasu ko baƙar ledar ba a cire musu ba. Tankar ruwa ta zo ranar biki, ba ta sake dawowa ba. Ina zagayawa kullum ina kallo. Ki yi mini addu'a, akwai abin da nake jira.

Ki gaida Hasiya da maigidanta.

Ɗanki,
Mujitaba.

Unguwar Tsallake.
Biyu ga Mayu.

Zuwa ga Inna.

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da masu jego. An ce Mubaraka ta fara gane ki, har ta ƙi kowa. To, ta sake ki haka nan, mu ma muna da rabo.

Ga yadda aka ƙare. Sati uku bayan biki, cikin dubun nan na ƙirga masu rai ban cika ashirin ba. A bakin masu gadi na ji cewa mutanen ƙungiya za su turo masu duba aiki. Ranar da masu inji suka dawo don ta ukun, na riga su zuwa. Na ja Mudassir gefe, ban ɗaga murya ba. Na nuna masa filin, na tambaye shi in ya kayar da wannan, wane kore zai nuna wa masu dubawa, kuma a wace inuwa zai zaunar da su. Ya kalli filin, ya kalle ni, ya cire hularsa ya share gumi. Ya sallami masu inji.

Kada ki yi saurin murna. Washegari aka kewaye filin da waya mai ƙaya, aka kafa allo a gindin ɗorawarki, da hoton Honarabul yana riƙe da butar ban-ruwa, kamar shi ya dasa ta. Masu dubawa suka zo su uku, suka sha lemo a inuwarki, suka ɗauki hoto ta inda ramukan ba za su fito ba, suka tafi. Ko mutum ɗaya bai tambayi yadda dashen wata guda ya kai girman da hannu huɗu ba za su zagaye shi ba. A nan na gane ba Honarabul kaɗai ba ne, kowa takardarsa yake son cikewa.

Sai ɗorawa ta nuna. Mudassir ya aiko mini, wai don mutunci in riƙa shiga ta ƙarƙashin waya ina tsinka idan babu kowa. Inna, wannan ta fi mini ciwo a kan sarewar. In saci abin uwata? Na ce a gaya masa na gode.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki gorarki mai ƙugiya, Bushra ta ɗauki buhu, matan layinmu da kike ba kalwa duk shekara suka biyo mu, muka tsaya a ƙofar filin. Mai gadi ya hana. Mutane suka taru. Muna nan tsaye sai ga Malam Umaru yana dogara sanda. An sallami jikan nasa tun bayan biki. Ban sani ba ko wannan ne ya dawo masa da tunani, ko kuwa tsoron kabari, Allah ya sani. Ya tsaya a gaban jama'a, da mai unguwa a wurin, ya ce shi shaida ne Ɗantani ya ba Turai itatuwan nan ranar wata Laraba bayan la'asar, kuma ya yi ƙarya a gaban dagaci, a yafe masa. Mai gadin ɗan garin nan ne, shi ma miyar daddawarki ta raine shi. Ya buɗe, ya koma gefe yana duba takalminsa.

Mun tsinka da rana tsaka, muka fito ta ƙofa. Dagaci ya ce a rubuta shaidar Malam Umaru, an rubuta, ni kuma wannan karon sai da na karanta kowane layi kafin a dangwala. Allon yana nan, ban taɓa shi ba. Matan sun shanya ɓawo a kansa.

Ga kalwa nan direba zai ba ki, ta itace ɗaya ce, ba za ta kai ki ko'ina ba bana. Kututture biyun suna nan, ban so ki gan su ba tare da na gaya miki ba. In za ki dawo ki sanar da ni, in tare ki a Tudun Wada, mu biyo ta wajen tare kafin ki shiga gida.

Bushra tana gaishe ki. Malam Umaru ma ya ce a gaishe ki, na ce zan faɗa, amsar kuma taki ce.

Ɗanki mai neman albarkarki,
Mujitaba.