Babana ya ajiye maganinsa yana jiran nawa

Anti, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a rai, kuma bakina ne ya jawo shi.

Ina karatun digiri na uku, a ɗakin bincike nake wuni. Ƙwayoyin tsokar zuciyar jariran ɓeraye nake reno a 'yan faranti, cikin akwatin ɗumi. Idan suka kama, sai ki ga suna bugawa tare a ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan halittu. Abin da nake bibiya wani sinadari ne da kalsiyam ke tayarwa ya yi aiki: yaushe ƙwayar gadon da ke sa a haɗa shi take kunnuwa yayin da zuciya ke girma, yaushe take lafawa. Iyakar aikina ke nan. Ni ba likita ba ce, ko allura ban taɓa yi wa mutum ba.

Babana yana da ciwon zuciya. Wata rana ɗoki ya ɗebe ni, na nuna masa bidiyon ƙwayoyin a waya, na ce ana zargin irin wannan sinadari da hannu a kaurin zuciya irin nasa. Anti, mutumin nan gyaran injin famfo ya yi duk rayuwarsa. A wurinsa, da an gano abin da ya lalace an gama, saura a kwance a sa sabo.

Makon jiya Mama ta tarar da magungunansa a akwatin kayan aikinsa, ko ɓare su bai yi ba. Wai suna sa shi yawan fitsari, kuma me zai yi da faci tunda 'yarsa na haɗa na gaske. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, take bayan takalmi yake yi, kuma sai ya huta a tsakiyar matakala. Yayana ya ce in gaya masa ƙiri-ƙiri aikina ba zai warkar da shi ba. Amma a tsohon shagonsa Baban Likita ake ce masa, in kin ga yadda yake washe baki sai ya ba ki tausayi. Ina tsoron rasa shi, ina kuma tsoron kashe masa gwiwa.

'Yar Mai Gyaran Famfo

Amsa:

'Yata, ki daina cin kanki. Nuna wa uba aikinki ba laifi ba ne. Amma kumburin ƙafa da haki ba abin jira ba ne: ku kai shi wurin likitansa yau ko gobe, da magungunan a hannu, a faɗi gaskiyar lokacin da ya daina sha. Kada ku mayar da shi kan magungunan da kanku. Ki kuma ambaci yawan fitsarin, ƙorafi ne na gaske, wataƙila likita ya gyara masa lokacin sha.

Yayanki yana da gaskiya, sai dai ya cika gaggawa. Ke ma kina da taki, sai dai shirunki ya fara tsada. Alfaharin Baba ba ƙarya ba ne, lissafin lokaci ne ya kuskure masa. Ki zauna da shi ku biyu, ba a gaban Mama ko yayanki ba. Ki ce masa har yanzu kuna matakin gane yadda injin ke aiki ne, ba a kai ga gyara ba, kuma daga farantin ɓera zuwa kantin magani tafiyar shekaru ce, wani lokacin ma ba a isa. Mai gyara ne, ya san ba a kashe injin da gida ke shan ruwa da shi don ana jiran sabo.

Sannan ki roƙe shi abu ɗaya a matsayinki na 'ya: ranar da za ki kare wannan bincike a gaban malamanki, kina so ki waiga ki gan shi zaune a ɗakin.

Allah ya ba shi lafiya, ya nuna masa ranar.